Akushin Kawu

Abin da zan ba da labari ya daɗe da faruwa, kuma ban rubuta komai a lokacin ba sai wasiƙa ɗaya, ita ma ba ta hannuna. Mai yiwuwa na haɗa damina biyu na mai da su ɗaya, ko na sa wa wani maganar da ba shi ya yi ta ba. Inda na tabbata zan ce na tabbata, inda ban tabbata ba kuma zan faɗa.

A gidan kawuna na tashi, wan mahaifiyata, a wani ƙauye tsakanin Bagwai da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ba ka yin tafiya mai nisa ba ka ji an yi maka sannu daga bayan shinge ba. Kawu malami ne. Magidanta ne ke zuwa zaurensa bayan la'asar su ɗauki karatun littattafai. Matarsa muna ce mata Inna. Ɗansu na fari, wanda nake kira Yaya, ya girme ni da shekara bakwai ko takwas. Da yake ɗan fari ne, ban taɓa jin iyayensa sun kama sunansa ba. Bayan ya tafi, Inna takan ce "mutumin bakin ruwa", Kawu kuma in zai yi mini maganarsa sai ya ce "ɗan'uwanka". Ni da Yaya abokan wasa ne, ɗan mace da ɗan namiji, don haka tun ina ƙarami yake ce mini bawansa.

Shekarun nan ne da ruwa ya riƙa ɗaukewa gero yana cikin bununi. Biyu a jere, ko uku. Rumbunmu ɗaya har an sauke jinkarsa an rufa wa awaki, tunda ba abin da za a zuba a ciki. A birni ana layin sabulu da madara, gwamnati kuma ta dakatar da ɗaukar ma'aikata. A cikin wannan hali Yaya ya bi masu kai shanu kudu, daga can ya tsallaka iyaka, ya zauna a wani gari na bakin teku inda ake Faransanci. Ba zan faɗi sunan garin ba. Muka ji yana sayar da tsire. A gida ɗan malam ba zai tsaya a tukuba ba, amma Kawu ya haɗiye wannan, ya ce sana'a ce. Akwai wani Alhaji ɗan ƙauyenmu mai fataucin shanu. Shi Yaya yake ba wa saƙo, shi kuma ya sayi buhun dawa a kasuwar Tsanyawa a kawo mana a kan jaki. Mu tara ne a gidan har da jikoki. Na tabbata da ba don wannan dawar ba da gidan ya watse.

Ni kuma na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, na dawo ƙauye da takarduna a cikin leda. Kowane wata nakan shiga mota zuwa Kano in zagaya ofisoshi in dawo. Wata rana Kawu ya ce in je wurin ɗan'uwana, ko Allah zai sa a dace da aiki a can. Sai da na miƙe zan fita ya ƙara da cewa in gano masa yadda yake. Bai dube ni ba da ya faɗa.

Kwana huɗu na yi a hanya. Na sami Yaya da yamma a bakin wani gidan cin abinci na Turawa masu yawon buɗe ido, waɗanda ke gudo wa sanyin ƙasarsu su zo shan rana. Yana sanye da babbar riga da malfa, abin da ban taɓa ganinsa da su tare ba. Ashe mai gidan, wata mata da kowa ke ce wa Madam, ita ta ɗinka masa, don Turawan suna son ɗaukarsa hoto a haka. Da ya gan ni ya ajiye wuƙa ya ce, "Bawana mai digiri, ka zo cin arzikin jahili?" Ya cika mini takarda da nama kafin ya tambaye ni mutanen gida.

Gidan kashi biyu ne. Gaba tebura ne a kan yashi, ƙarƙashin 'yan rumfunan ciyawa, teku na bugawa kusa da ƙafar mutane. Baya kuma wani dogon ɗaki ne mai jajayen fitilu, inda ake kunna kiɗa in an gama cin abinci, ana sha ana rawa. Tukubar Yaya tana bakin ƙofa, daidai inda katanga ta ƙare. Na sha tsayawa ina duban rumfarsa: dirka biyu suna cikin gidan, biyu suna kan titi. Masu wucewa sukan tsaya su saya su biya shi a hannu. Daga ciki kuma masu kai abinci tebur sukan kawo masa 'yar takarda, ya soke ta a jikin ƙusa, ya zuba tsire a faranti a shiga da shi. Yaya ba ya karanta boko, sandunan da aka ja a takardar yake dubawa. Yadda ake yi da takardun nan daga baya, ban taɓa gani ba, ban kuma tambaya ba. A lokacin ban ga dalilin tambaya ba.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne farantan da ake dawowa da su. Kifi an ci gefe ɗaya an bar gefe ɗaya, shinkafa an taɓa samanta kawai, a kankare a zuba a duro. Na baro gidan da ake auna garin tuwo da gwangwani. Ranar Alhamis kuma akwai abin da suke kira daren gargajiya: a shimfiɗa musu tabarmi, a kawo tuwo ƙanana kamar ƙwan kaza a cikin ƙoƙo, su ci da hannu suna dariya suna ɗaukar juna hoto. Shi ma tuwon rabi suke bari.

In duhu ya fara, 'yan mata sukan zo su jeru a jikin katanga kusa da tukubar, suna jiran a kira su ciki. Sukan cire silifas su tura ƙarƙashin teburin Yaya, su sa masu tsini. Suna ce masa Alaji, alhali bai je Makka ba. Yakan ba su guntattakin nama, ba ya yi musu wa'azi, ba ya kuma wasa da su. Lokacin salla yakan bar wa ɗayarsu jiran wuta, ya zagaya bayan kicin ya shimfiɗa kwali. Wannan na gani da idona kullum.

Da yake ina jin Turanci, Yaya ya roƙi Madam ta gwada ni a kai abinci. Kwana uku na yi. Ranar farko faranti kawai na ɗauka. Rana ta biyu wani Bature da rana ta mai da shi ja ya ce in kawo musu giya, na tsaya ina neman wanda zan tura, ban samu ba, na ɗauko kwalabe huɗu a tire na kai, har na buɗe musu. Rana ta uku wani dattijo ya nuna mini ɗaya daga cikin 'yan matan jikin katanga ya ce in kira masa ita. Na ajiye tiren na fita na ce wa Yaya cikina ke ciwo. Ya dube ni ya yi dariya ya ce aikin nan ba na mai yawan tunani ba ne, bai sake tayar da maganar ba. Na ƙara sati huɗu ina yanka masa albasa, sannan na ce zan koma gida.

Kwana biyu ya yi yana shanya kilishi na musamman domin Kawu. Ya naɗe shi da tsofaffin takardun jerin abinci na gidan, waɗanda Madam ta zubar don ta buga sababbi. Masu kauri ne, masu sheƙi, mai ba ya ratsa su. A wurinsa takarda ce kawai. Ya ɗaure da igiya ya ƙulle sau uku ya ce, "Hannu da hannu, bawa. Kada ka ɗanɗana a hanya, na san ka."

A cikin mota na lura da gefen takardar, na gane ko mece ce. Na yi tunanin in kwance in canza da jarida. A tasha biyu na sa hannu a kan igiyar. Amma Kawu ne ya koya mini cewa saƙon da aka ɗaure amana ne, ɗan aike ba ya kwance ƙullin da ba shi ya yi ba. Na ce wa kaina ai jikoki za su yayyage takardar su lashe yajin, ta ƙare a murhu. Na manta, ko na ƙi tunawa, cewa a gidanmu takarda mai rubutu ba ta shiga murhu. Kawu ko kwalin sukari ya gani a ƙasa sai ya ɗauka ya kakkaɓe ya soke a azarar zaure, don bai san ko da sunan Allah a jiki ba.

Kwana uku da dawowata, da hantsi, ya kira ni zaure. Ba kowa sai shi a kan buzunsa. Ya buɗe gafakarsa ya zaro takardar daga tsakanin littattafai. Ya goge ta, amma jan mai ya riga ya kama gefenta. A gabanta akwai zanen mutum da malfa yana riƙe da tsinken tsire.

Ya ce, "Wannan ɗan'uwanka ne?"

Na ce ya yi kama da shi.

"Kunnensa ne," in ji shi. Ya daɗe yana duban zanen. Sannan ya miƙo mini ya ce in karanta masa.

Na karanta ɓangaren Turancin ina fassarawa: kifi gasasshe, kaza da shinkafa, miyar kaguwa, tsire irin na Hausawa. Yana gyaɗa kai, har ya yi murmushi da ya ji Turawa na cin kaguwa. Na gama na ajiye. Shi ya sa hannu ya juya ta. A bayan akwai zanen kwalabe da wata mace ta ɗaga hannu tana rawa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan macen ya rufe ta, ba da fushi ba, ya nuna mini layukan da ke gefe. Na ce sunayen abin sha ne. Ya tambaya wane iri. Na ce wasu lemo ne, wasu kuma ba lemo ba ne.

Ya tambaye ni ko ɗan'uwana yana sayar da wanda ba lemon ba. Na ce a'a, wannan na tabbata. Ya tambaya ko yana ɗauka ya kai wa masu sha. Na ce ban taɓa gani ba. Ina faɗa ina jin sanyin kwalabe huɗun nan a hannuna, amma bai tambaye ni ni ba, ni kuma ban faɗa ba. Ya tambayi maganar salla. Na ba shi labarin kwalin bayan kicin, na ga kafaɗunsa sun sauka.

Sai ya ce, "Saura ɗaya. Naman nasa ne, yake sayar wa duk wanda ya zo? Ko kuwa albashi ake ba shi daga aljihun gidan?"

Na ce, "Ban tabbata ba, Kawu. Kamar dai nasa ne. Amma kuma akwai takardun da ake kawo masa daga ciki. Ƙila duka biyun ne."

"Sati biyar ka yi a can."

Na ce haka ne.

Ya yi mini bayani a hankali, kamar yana ba da karatu. In naman nasa ne, wanda ya sayar wa mai saɓo abinci bai yi saɓo ba, dawar da ke gidan nan halal ce. In albashi ne daga inda kuɗin giya ke zuba, to akwai maganganun malamai a kai, zai duba, kuma ya san abin da zai aika a gaya wa ɗan'uwana. Amma abin da bai san ko mene ne ba, shubuha ce, shi ba zai iya kai shi baki ba sai ya sani. Ya ce bai haramta wa kowa ba, mata da yara lalura ta rufe su, ni ma haka. Shi kaɗai yake nufi, shi da mutane ke zuwa tambaya. Ya ce in rubuta wa ɗan'uwana da ajami in tambaye shi wannan abu ɗaya. Shi ba zai rubuta wa ɗan fari irin wannan tambaya da hannunsa ba. Kuma kada Inna ta ji, don in ta ji ita ma za ta daina ci, ga shi abincin ɗanta ne.

Kawu yana da akushi baƙi, tsoho, wanda ba mai ci a ciki sai shi. Bayan magariba Inna takan zuba tuwo ta rufe da faifai, ni nake kai masa zaure. A ranar na ajiye a gabansa, ya buɗe, ya yi bisimilla, ya turo mini. Na ce na ci nawa a ciki. Ya ce in ƙara. Na ce a ba maƙwabci. Ya ce matar maƙwabci za ta yi wa Inna godiya gobe. Zubarwa kuwa, a shekarar nan, ko faɗa ba a yi. Akushi dole ya koma ba komai a ciki. Na wanke hannu na ci.

Haka muka yi daga ƙarshen bazara har cikin marka. Ina ci yana jan carbi. Ba ya kallona kallon mai sha'awa, ba ya kuma kau da kai. Wani lokaci yakan ce in side miyar da kyau, don Inna takan duba. Har yau ina jin ƙarar yatsana a jikin itacen nan.

Ba wai ba ya cin komai ba ne, kada in yi ƙari. Yana da 'yar gayauna bayan masallaci wadda yake nomawa da hannunsa, ta ba da 'yan dammuna kaɗan na gero; daga ciki Inna ke dama masa fura da rana, kamar yadda ta saba tun da. Wannan yake sha. Da geron ya ƙare ta fara yi da dawar buhu, sai furar ma ta dawo wurina. Daga nan abin da masu ɗaukar karatu suka kawo ne: ɗan rogo, gyaɗa cikin tafin hannu, kwaɗon rama. Su ma a shekarar ba su da shi. Ya yawaita azumi, Litinin da Alhamis da farko, daga baya har na daina lissafi. Inna ta yi ta mita cewa tsufa ya zo ga azumi ya yi yawa, ta ƙara masa malmalar tuwo don buɗa-baki. Ita ma ni na cinye.

Na yi ƙiba. A ƙauyen da kowa wuyansa ya fito, ni kumatuna suka cika. A bakin masallaci wani ya ce boko da daɗi, ko ba aiki jiki na murjewa, aka yi dariya, Kawu ma ya yi.

Wasiƙar kuwa, nan ne laifina yake, ba na neman a sassauta mini. Tambaya ɗaya ce, layi biyu ya ishe ta. Amma duk yadda na rubuta sai in ga ko dai na zargi mutumin da ke ciyar da mu, ko na tona cewa ni na karanta wa Kawu takardar, ko kuma ya gane mahaifinsa ba ya cin abincinsa. In na sassauta sai tambayar ta ɓace a cikin gaisuwa. Na rubuta na soke a azara, na sake rubutawa, kusan sati uku. Ranar da na gama na kai gidan Alhaji mai shanu, aka ce ya tafi shekaranjiya, sai bayan wata ɗaya zai dawo ya sake komawa. Sau ɗaya Kawu ya tambaye ni ko ta tafi. Na ce ana shirin tafiya da ita. Bai sake tambaya ba.

Akwai safiyar da na yanke shawarar yin ƙarya. Na kwana ina shirya ta: zan ce na tuna sarai, na ga Yaya yana sayen naman da kansa a mayanka, yana biyan Madam hayar wuri. Mai yiwuwa ma gaskiya ce. Na shiga zaure na durƙusa. Ya ɗago daga littafi, idanunsa sun faɗa ciki, ya ce, "Ka tuna wani abu ne?"

Na ce, "Kamar na tuna cewa nasa ne."

Ya yi murmushi. "Kamar," in ji shi, ya mai da idonsa kan littafin. Da na cire kalmar nan guda ɗaya, ina jin da ya karɓa, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Ta fito ne kafin in tare ta.

Zazzaɓi ya kama shi a cikin marka, lokacin da sauro ya yi yawa. Muka ɗora shi a amalanke zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa. Malamin asibiti ya ja fatar idonsa ya ce ba jini a jikinsa, ya tambaya ko yana cin abinci. Inna ta ce tas yake cinye akushinsa kullum, ga wanda ke kai masa nan a tambaye shi. Malamin bai tambaye ni ba. Kawu ya buɗe ido ya dube ni, ya rufe.

Tsofaffi da yawa sun rasu a daminar, har da waɗanda ke ci sau uku. Na sha gaya wa kaina haka. Ba ni da ilimin da zan ce yunwa ce ta kashe shi, ba ni kuma da wanda zan ce ba ita ba ce. Da geron gayaunarsa ya fara nuna, aka karyo kai biyu Inna ta gasa masa tumu. Ya murza 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya hure, ya tauna a hankali, ya yi hamdala. Kwana biyu bayan nan ya rasu, da rana, ana kiran azahar. Wasiƙar tana hanya a lokacin, ko ta isa. Alhaji mai shanu ya ce ya ba wani a zango ya kai wa Yaya.

Yaya ya iso bayan sadakar arba'in. Ya rame, ya yi baƙi, ba malfa. A tsakar gida ya zauna nesa da Inna, kamar yadda suka saba, ya ce abin da ya sanyaya masa rai shi ne ko ba komai tsohon bai mutu da yunwa ba. Inna ta ce wallahi kuwa, akushinsa bai taɓa dawowa da saura ba. Ina tsugune a bakin rijiya ina jin su.

Washegari muka zauna a zaure mu biyu muna fitar da littattafai daga gafaka. Takardar ta faɗo daga tsakiyar wani littafi, inda Kawu ya fi buɗewa, zanen mai malfa a sama. Yaya ya ɗauka ya duba gaba, ya juya baya, ya daɗe a kan bayan. Na jira ya tambaye ni, ko ya ce wasiƙa ta same shi, ko ni in buɗe baki in tambaye shi naman na wane ne. Ga shi a gabana, tsakaninmu bai fi kamu biyu ba. Amma in ya ce nasa ne, to Kawu ya bar halal ɗin ɗansa saboda bakina. In ya ce albashi ne, to na sa masa abin da zai ɗauka har kabari. Ban tambaya ba.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka yi ƙiba, bawa." Ban san ko wasa yake yi ba. Muryar ta wasa ce, amma bai yi dariya ba.

Kwana shida ya yi ya koma. Dawa ta ci gaba da zuwa har Inna ta rasu, ko bayan da damina ta gyaru ba ma buƙata. Shi bai sake zuwa ba. Daga baya saƙo ya yanke; wani ya ce ya matsa gaba zuwa wata ƙasar, wani ya ce ya rasu a can. Ni na sami koyarwa a makarantar sakandare, na yi aure, na yi ritaya. Inna ta ba ni akushin tun a kwanakin takaba, ta ce ni na fi cancanta da shi tunda ni nake ɗaukar masa. Yana saman kabad a ɗakina. Maiɗakina ta taɓa sauko da shi za ta zuba mini tuwo, na ce ta mayar, ban gaya mata dalili ba sai bayan shekaru. In na wuce tukuba da yamma hayaƙin ya buge ni, ba tekun nake tunawa ba, zauren nake tunawa, da faifan da ake buɗewa a turo mini.

Na tambayi mutum biyu da suka zauna a garuruwan bakin teku. Ɗaya ya ce masu tsire hayar wuri suke yi, naman nasu ne. Ɗayan ya ce a gidajen Turawa albashi ake ba su, har da riga. Kowannensu ya rantse, kuma ba wanda ya san gidan da nake nufi.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi. In kai ɗan ƙauyenmu ne ka ga na kuskure shekara, ko na manta wanda ya kawo wa Kawu rogo a markar nan, ka aiko a gyara. In kuma ka zauna a garin, ka san gidan mai rumfunan ciyawa da mai tsire mai malfa a bakin ƙofa, ka san yadda ake yi da takardun da yake sokewa a ƙusa, ka aiko mini ta hannun waɗanda suka buga wannan. Ko wace ce amsar, yanzu ina son in ji ta, kuma don Allah sai in ka tabbata.